Nonon da Ke Riga Labari Isowa

A ƙarƙashin benen da ke kwanar layin, inda matakala ta bar wani ɗan lungu, nan Mai Zif ta yi rayuwarta. Keken ɗinki ɗaya ne, baƙi, na ƙafa, sai kujerar katako mai matashi da gwangwanaye cike da maɓallai. Ba ta ɗinka sabon kaya. Idan ka kawo mata yadi, da haɓa za ta nuna maka shagon telan tsallaken titi, ko kai ba za ta ɗaga ba. Ita gyara take yi: wandon da ya yage, siket ɗin da ya yi wa mai shi kaɗan, jakar makarantar da bakinta ya ƙi rufuwa. Amma abin da ya fito da ita har aka manta sunanta na gaskiya shi ne rigunan masu jego. Mace ta haihu, rigunanta duk a rufe suke ta gaba, sai ta tattara ta aiko. Mai Zif ta tsaga gaban rigar, ta dasa zif, ta lulluɓe shi da siririn ninki yadda haƙoransa ba za su karci kuncin jariri ba. Saboda haka babu haihuwar da za a yi a unguwar ba ta sani ba, wani lokacin ma kafin dangin miji su ji.

Gajeruwa ce, mai faɗa, kuma da allurai a baki take magana, amma duk zagin da ta yi maka sai ka ji shi tas. Duk da haka ana ganin girmanta, don kowa ya san marayu biyu ta shayar da nononta, waɗanda ba ita ta haifa ba. Mata kan ce baiwa ce Allah ya yi mata: uwa ta rasu, an rasa yadda za a yi da jariri, sai ga ruwa ya zo wa Mai Zif. Haka ake ba da labarin, kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Sai dai a juye suke faɗarsa. Ba mutuwar ce ke fara zuwa ba, ruwan ne.

Na farko ya same ta tana da ƙuruciya. 'Yarta ɗaya tilo ta daɗe da yaye, har ta shiga makaranta. Da rana tsaka tana taka keke sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure, ya yi tsam, kafin ta ankara gaban rigarta ya jiƙe. Dariya ma abin ya ba ta. Da yamma ta je duba ƙanwarta da ta haihu a satin, ta ba ta labari, ƙanwar tana zaune a bakin gado tana cin abinci, lafiyarta ƙalau.

"Yaya, ko dai wani kika samu kike ɓoye mana?" in ji ƙanwar, suka yi ta ƙyaƙyatawa.

Ashe jini ne bai tsaya wa ƙanwar ba. Tana canza ƙyalle tana cewa ai haka haihuwa take, kowa ma ya ce haka take. Wata safiya ta miƙe za ta ɗebo ruwa a famfo, ta yanke jiki ta faɗi, ko asibiti ba a kai da ita ba. Yaron na ta tsala kuka a tsakiyar masu kuka. Mai Zif ta ɗauke shi ta shiga ɗaki, ta sa masa nono, ya kama ya sha har ya yi barci. Babu jiran da aka yi, abincinsa yana nan a shirye tun uwarsa na dariya.

Ta so ta ɗauki abin a matsayin dace, ta kuma ɗauke shi haka shekaru da yawa. Sai matar makanike ta haihu, wadda ke zaune a saman benen nan, daidai kan shagonta. Rigar matar ce ma a kan keken, an tsaga ana shirin dasa zif, lokacin da ƙirjin Mai Zif ya sake ɗaurewa. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta yafa mayafi ta hau sama. Ta tarar da matar a ƙudundune cikin bargo da rana tsaka, tana cewa ɗan zazzaɓi ne, ta sha magani. Mai Zif ta tsaya a bakin ƙofa, bakin nan nata da ba ya mutuwa ya mutu murus. Me za ta ce? Ta ce baiwar Allah tashi, nonona ya kawo ruwa? Ta dai ce a je asibiti, aka ce to, sai makanike ya dawo. Ta sauko ta ƙarasa rigar. Ba a taɓa zuwa karɓarta ba, kuma yarinyar da matar ta bari a ƙirjin Mai Zif ta girma.

Mijinta kaɗai ta faɗa wa gaskiyar yadda abin yake. Direba ne, mutum mai sanyin hali, amma ranar har tsawa ya yi mata. Ya ce kada ya ƙara jin wannan magana a bakinta, so take a ce da ita mayya? Ya kai ta wurin likita. Likitan ya duba ta da kyau, ya ɗebi jini, ya ce akan sami matan da jikinsu ke haka, kukan jariri ko ƙanshinsa kawai ya isa ya tayar musu da ruwa. Ya ba ta ƙwayoyi. Ba ta musa masa ba, don ba ƙarya ya yi ba. Sai dai jarirai nawa ake kawowa shagonta suna kuka a kunnenta, ƙirjinta a bushe ƙamas? Wannan ba ta tambaya ba.

Shekaru suka ja. Mijin ya rasu, gashinta ya yi fari, jinin wata ya ɗauke mata, ƙirjin ya zube ya kwanta. Ta ce to, an gama, alhamdu lillahi. Amma hannunta bai yarda ba. Duk rigar mai jego da ta ɗauka, sai ta fara dafa ƙirjinta da tafin hannu, ta yi jim, sannan ta ɗauki almakashi. Mata suna zaton ƙwannafi ke damunta, har magani suke kawo mata.

'Yarta ta zama malamar makaranta, kowa Malama yake ce mata, uwar ce kaɗai ke ce mata 'yar nan. Ta auri wani mai gyaran wuta, suka kama ɗaki biyu a layin baya. Haihuwa ta yi musu jinkiri, sai da aka fara yi musu surutu sannan Allah ya kawo. Namiji ta haifa, a asibiti, lafiya lau, washegari aka sallame su. Mai Zif ta yi ta washe baki har maƙwabta suka ce ashe tana da haƙora. Ta kwaso rigunan 'yarta da kanta, ta zaɓi zif mafi laushi da take da shi.

Ba a yi sati da haihuwar ba. Rana ta take, an ɗauke wuta, fankar shagon ta tsaya, layin ya yi tsit, ko mai tallan ruwa babu. Tana cikin ninke gaban rigar Malama sai ta ji wani ƙanshi, mai ɗan zaƙi, mai ɗan ƙarni. Ta san shi. Ta ce a ranta gwangwanin madara ne wani ya yar a kwata. Sai magen layin, wadda ba ta taɓa kusantar shagon ba saboda jifan da take sha, ta taho a hankali ta zauna a bakin ƙofa. Ba fuskarta magen ke kallo ba, ƙirjinta take kallo. Mai Zif ta sunkuyar da kai. Tabo biyu ne a gaban rigarta, suna faɗaɗa tana gani.

"A'a," ta ce da ƙarfi, ita kaɗai. "A'a, wallahi a'a."

Ta ja labule, ta yago dogon ƙyalle daga ragowar yadi, ta ɗaure ƙirjinta tamau har numfashi na yi mata wuya. Ta zauna tana lissafa masu jegon unguwar, tana neman wata, kowace ce, Allah ya yafe mata. Matar mai shago ta yi wata uku da haihuwa. 'Yar mai wanki sai wata mai zuwa. Babu kowa. Mai jego ɗaya ce tak ke da riguna a shagon, rigarta ce a kan keken. Kafin ta saka takalmi ruwan ya ratsa ƙyallen. Ta zura babban hijabi ta fita, ko shagon ba ta kulle ba.

Ɗakin Malama cike yake da 'yan barka. Yaron na yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta ce hancin uban ne, waccan ta ce rufa mana asiri, ina uban ya ga hanci. Duk wadda ta shigo yaron take tambaya: yana sha? yana barci? cibiyar ta faɗi? Malama na jingine da bango a kan gado, an saki labulen taga, ɗakin ya yi duhu-duhu.

"Kai, Malama, jego ya karɓe ki!" in ji wata abokiyar aikinta. "Ku dubi kumatu! Har wani sheƙi take yi."

Aka yi shewa. Mai Zif ba ta yi ba. Ta san fuskar nan tun tana tafin hannu, kuma wannan ba ƙiba ba ce. Idanun sun shige ciki, leɓen ya yi nauyi. Ta kama hannun 'yarta, ta ga zoben ya nutse cikin yatsa. Ta danna bayan hannun da babban yatsanta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"'Yar nan, me ke damunki?"

"Kai ne kawai, Inna. Rashin barci ne, wannan sarkin kukan ba ya barin mutum ya runtsa."

"Tun yaushe?"

"Inna, don Allah. Na sha magani." Ta lumshe ido, ta buɗe, ta kalli saman ɗakin. "Wai wa ke wasa da fitila ne? A kunna a kashe, a kunna a kashe."

Babu wuta a unguwar tun safe. Matan suka yi dariya, suka ce Malama barci take ji, bari su tashi su ba ta wuri. A ƙarƙashin hijabin Mai Zif ta ji ruwan na gangarowa ta cikinta, da ɗumi.

Da ɗakin ya watse ta ce, "Tashi mu je asibiti."

"Asibiti kuma? Kan ciwon kai? Ai sai su yi mini dariya. Bari babansa ya dawo, in bai sauka ba gobe ma je."

Bari ya dawo. Ta taɓa jin wannan maganar a bakin wata ƙofa, ta kuma juya ta sauko. Ta buɗe baki za ta faɗa wa 'yarta gaskiya, harshenta ya ƙi. Gani take in ta furta, ta sa hannu ke nan. Kuma ta san Malama da taurin kai, a nono ta sha shi, ko za a kwana ana roƙo ba za ta tashi ba. Sai kawai ta sunkuya ta ɗauki jaririn daga gefen gado, ta naɗe shi a tawul, ta nufi ƙofa.

"Inna, ina za ki kai shi? Inna! Ko hula babu a kansa!"

Ba ta waiwaya ba. Ta sauka matakala, ta fita titi cikin ranar nan mai ƙuna, ta tsayar da tasi. Tana buɗe ƙofa sai ga Malama a bayanta, da silifas ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na miji, tana haki tana masifa, wai tsufa ne ya fara taɓa uwarta ko me. Mai Zif ta matsa mata wuri ta ce wa direba asibiti. A hanya yaron ya shaƙi ƙanshin, ya fara juya kai yana goga baki a hijabinta, yana nema. Ta juya shi ya kalli gaba, ta riƙe shi nesa da jikinta har hannuwanta suka yi tsami.

Nas ɗin da ke awo a bakin ɗakin masu haihuwa ta ɗaura wa Malama abin gwajin jini tana tsokanarta kan silifas. Ta duba, ta daina dariya. Ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ta duba, ta ƙwala wa wata kira ba tare da ta saki hannun ba. Malama ta juyo za ta ce wa uwarta wani abu, sai bakinta ya karkace, idanunta suka juye, jikinta ya sandare a kan benci sannan ya kama jijjiga. Aka rufu a kanta. Aka tura ta ciki a kan gado mai taya, ƙofa ta rufe, aka bar Mai Zif a baranda da yaro a hannu da silifas ɗin mijin a ƙasa.

Sai bayan la'asar aka bar ta ta shiga. Likita ta ce hawan jini ne na bayan haihuwa, yakan zo ko da an haihu lafiya, kuma da a gida jijjigar ta same ta, da labarin ya sha bamban. An yi mata allurai, an sa mata ƙarin ruwa, yanzu sai jira. Ba ta ce mai jegon za ta tashi ba, ba ta ce ba za ta tashi ba. Malama na kwance a bayan labule, fuska a kumbure, numfashi na fita a hankali. An kira sunanta, an matsa yatsanta, shiru.

Yaron kuwa tun hantsi rabonsa da nono. Kukansa ya tashi daga tsala ihu ya koma wani siririn sauti mai karkarwa. Surukin ya iso a guje da kayan aiki a jikinsa, tare da mahaifiyarsa. Garin jijjiga yaron hijabin Mai Zif ya zame, tsohuwar ta ga gaban rigar sharkaf, har yana ɗiga a kan siminti.

"Allahu akbar!" in ji ta. "Ikon Allah! Kin ga baiwar nan ta sake zuwa a kan kari. Zauna ki ba shi, 'yar'uwa."

"Ba zan ba shi ba."

"Inna?" Surukin ya zuba mata ido. "Yunwa fa yake ji. Jikanki ne."

"Na ce ba zan ba shi ba. Yana da uwa."

Tsohuwar ta tafa hannu tana salati, ta ce yau ta ga abin da ya ishe ta, mace ta shayar da 'ya'yan wasu ta hana nata jinin. Surukin ya share hawaye da bayan hannu ya fita neman madarar gwangwani. Mai Zif ba ta kula su ba. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, zafin har cikin hammata, duk kukan da yaron ya yi sai ruwan ya tsinke. Jikinta gaba ɗaya roƙonta yake ta zauna ta buɗe riga, ta san daɗin da za ta ji, ta san yadda yaron zai yi luf. Abin da ya fi tsorata ta ke nan. Sau biyu ana kawo mata aikin wata, sau biyu tana karɓa da hannu bibbiyu, masu aikin kuwa ba su ƙara dawowa ba. Idan yaron nan ya ƙoshi a ƙirjinta, me ya rage da zai riƙe 'yarta a duniya?

Ta leƙa ta kira nas ɗin nan ta bakin ƙofa. "'Yata, maganin da kuka sa mata zai hana yaro shan nononta?"

"Ba zai hana ba, Mama. Sai dai ba za ta iya riƙe shi ba. In kina so mu tatsa a kofi."

"Ni zan riƙe su."

Nas ɗin ta dube ta, ta dubi rigarta. Ta zo ta gyara robar ƙarin ruwan, ta ɗan karkata Malama gefe, ta tokare bayanta da matashi. Rigar da ke jikin Malama a rufe take ta gaba. Mai Zif ta kama wuyan rigar da haƙori ta fara ɓarka, ta tsage ta da hannu har ƙasa. Ta kwantar da yaron a jikin uwarsa, ciki da ciki, ta tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta kama nonon 'yarta ta goga masa a leɓe. Ya juya kai. Ƙanshin da ya fi ƙarfi a bayansa yake, can yake miƙa wuya yana kuka. Ta ja jikinta baya iyakar tsawon hannunta, ta matso ɗigo ɗaya ta shafa masa a baki. Ya tsaya, ya lasa, ya wage baki ya cafka.

Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar haɗiyarsa. Mai Zif na durƙushe a gefen gado, bayanta na ciwo, nata ruwan na zuba a banza yana bin gwiwarta zuwa ƙasa. Ta kai bakinta kusa da kunnen 'yarta.

"Kin ji shi ko? Naki ne. Ni na tsufa, ba zan iya ba, kuma ba zan karɓa ba. Ko shekara za ki yi a kwance, a nan zai riƙa sha. Ki tashi ki yi aikinki, 'yar nan, kada ki raina mini hankali."

Ta juya yaron ɗaya gefen, nas ta taimaka mata. Rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan zanen gado. Surukin ya dawo da gwangwani a hannu, ya tsaya a bakin labule, bai shigo ba. Hannuwan Mai Zif suka gaji, kan yaron ya ɗan zame, ya ja nonon ta gefe da ƙarfi.

Goshin Malama ya tattare. Hannunta mai robar ƙarin ruwa ya motsa a kan zane, ya ɗago da ƙyar, ya lalubo bayan yaron ya tsaya a can. Idanunta a rufe, muryar a dishe, da ƙyar ake ji.

"Inna... zafi. Kin sa shi a karkace."

"To gyara shi da kanki," in ji Mai Zif, hawaye na shiga mata baki. Ta zare hannunta daga ƙeyar yaron a hankali, ta bar mata shi.